Jatan Lande a Naɗe da Bekon: Asalinsa da Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

Jatan lande a naɗe da bekon ɗan abin motsa baki ne da ya shahara a gidajen Amurka, musamman a jihohin da ke bakin Tekun Meziko kamar Luwiziyana da Tekzas, inda kamun jatan lande tsohuwar sana'a ce. Ana ɓare jatan lande manya, a naɗe kowanne da siririn yankan bekon, wato naman ciki mai kitse da aka jiƙa da gishiri aka kuma turara da hayaƙi. Daga nan a soke da tsinke, a barbaɗa sukari da barkono, a gasa har bekon ya yi ja ya yi ƙaras. Ba a cin sa don ƙoshi. Ana ajiye shi a tire gaban baƙi kafin babban abinci ya iso, kowa ya ɗauki biyu ko uku da hannu. A Amurka an fi ganin sa a liyafar Kirsimeti da ta sabuwar shekara, da ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl.

Kayan haɗinsa ba su da yawa, amma girkin yana da wuyar sha'ani guda ɗaya wadda duk dabarunsa suka ta'allaƙa a kanta. Abubuwa uku ne ake sa wa wuta a lokaci guda, kuma kowanne da nasa lokacin. Jatan lande yana nuna cikin 'yan mintuna, bekon yana buƙatar kusan ninki biyu na wannan lokaci kafin kitsensa ya narke, sukari kuwa yana ƙonewa idan ya daɗe a wuta mai ƙarfi. Wanda ya fahimci yadda ake daidaita waɗannan lokuta uku ya iya girkin, ko da wane irin nama da wace irin wuta ya yi amfani.

Asalin girkin

Naɗe nama maras kitse da yankan kitse kafin a gasa shi tsohuwar dabara ce a girkin Turai. Masu dafa abinci a Faransa sun daɗe suna lulluɓe ƙirjin tsuntsayen daji da naman barewa da kitse don kada wuta ta busar da su. Dalilin shi ne wanda yake sa mai tsire ya jera ɗan kitse tsakanin yankan nama a tsinke: kitsen yana narkewa yana shafe naman yayin da yake kan wuta. A Maroko ma, a ranar Babbar Sallah, ana naɗe hantar rago da siririn kitsen da ke lulluɓe da tumbi a gasa a garwashi, abincin da suke kira bulfaf.

A Ingila, a ƙarshen ƙarni na 19, an san wani ɗan abinci da ake yi wa laƙabi da mala'iku a kan doki, wato kawa ta teku a naɗe da bekon. Yana da ɗan'uwa da ake kira shaiɗanu a kan doki, wanda ake yi da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi, daga baya har da dabino. A wancan zamani ana kawo su ne a ƙarshen liyafa, bayan kayan zaƙi. Da suka ƙetara zuwa Amurka sai suka koma farkon liyafa. A shekarun 1940 gidajen abinci irin su Don the Beachcomber da Trader Vic's a Kalifoniya suka yaɗa rumaki, hantar kaza a naɗe da bekon wadda ake jiƙawa da ruwan waken soya da citta da jan sukari. Daga nan haɗa bekon da zaƙi ya zama abin da aka saba da shi a liyafar gida ta shekarun 1950 da 1960.

Jatan lande ya shiga wannan layi ne saboda yawansa. Babu abincin teku da Amurkawa suke ci kamarsa, kuma tun da kiwonsa a tafkuna ya bunƙasa a ƙasashe irin su Ekwado da Indiya da Indunisiya da Biyetnam, farashinsa ya sauko har ya shiga firizar gidaje. Yajin kuwa ya zo ne daga girkin kudancin ƙasar. A Tekzas ana tsaga jatan lande a cusa masa yankan barkonon halapenyo da cuku kafin a naɗe, a Luwiziyana kuma ana amfani da garin jan barkono da ruwan yajin Tabasco, wanda Edmund McIlhenny ya fara yi a tsibirin Aberi a 1868.

Batun halasci da zaɓen nama

Bekon na asali daga cikin alade ake yin sa, kuma a dokar sayar da nama ta Amurka, duk abin da aka rubuta wa bekon kawai ba tare da ƙarin bayani ba na alade ne. Cin naman alade haramun ne ga Musulmi da nassin Alƙur'ani, kamar yadda ya zo a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Don haka matafiyi ko ɗalibin da ya ga wannan abinci a liyafa a Turai ko Amurka ya ɗauka na alade ne, sai dai idan an tabbatar masa da akasin haka. Cire bekon a ci jatan landen ba ya warware matsalar, domin kitsen ya riga ya ratsa shi.

Sai dai girkin bai dogara da alade ba. Abin da yake buƙata shi ne siririn nama mai kitse da gishiri da ƙamshin hayaƙi, kuma akwai hanyoyi da dama na samun wannan. Mafi kusa shi ne bekon na sa, wanda ake yankowa daga ƙasan haƙarƙari wajen cibiya, inda tsoka da kitse suke jere hawa-hawa. Shi ake ci a otal-otal na Saudiyya da Daular Larabawa da Maleshiya, kuma ana samun sa a manyan kantunan birane. Akwai kuma bekon na talo-talo, wanda niƙaƙƙen nama ne da aka matse aka yanka a siffar bekon. Kitsensa kaɗan ne, don haka sai an shafa masa mai kafin ya shiga wuta. Kasancewar bekon na sa ko na talo-talo ba ya nufin an yanka dabbar bisa shari'a, saboda haka a duba tambarin halal a jikin leda. Basturma ta Masar da Turkiyya ma tana naɗuwa da kyau, amma gishirinta da ƙamshin hulbarta suna da ƙarfi, sai a rage sauran kayan yaji. Kilishi kuwa ba ya yi, domin ya bushe, yana karyewa idan an lanƙwasa shi, kuma ba shi da kitsen da zai narke.

Inda ba a samu ko ɗaya ba, ana iya shirya madadi a gida. A nemi naman ƙirjin sa ko na cikinsa mai kitse, a sa a firiza kamar minti 45 har ya yi tauri bai daskare ba, sannan a yanka shi siriri da wuƙa mai kaifi, kaurin bai wuce milimita 2 ba. A shafa masa gishiri kaɗan da sukari da masoro, a rufe a firij ya kwana. Wannan ba shi da sinadarin naitirait da ake sa wa bekon na kanti, don haka ba zai yi jan launi ba kuma ba ya ajiyuwa, a yi amfani da shi washegari. Gashin gawayi zai ba shi ƙamshin hayaƙin da ya rasa.

Kitsen sa ya bambanta da na alade ta wata fuska mai muhimmanci ga mai girki: yana narkewa a zafi mafi yawa, kuma yana saurin daskarewa idan ya huce. Shi ya sa wanda aka yi da bekon na sa yake barin maiƙo a dasashi idan ya yi sanyi, kuma dole a ci shi da zafinsa.

Jatan lande kansa halal ne a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa suke bi, haka kuma a Shafi'iyya da Hambaliyya, bisa halascin abin da aka kamo daga teku da ya zo a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Malaman Hanafiyya sun taƙaita halascin ga kifi, kuma sun yi saɓani a kan ko jatan lande yana shiga cikin kifi.

Zaɓen jatan lande da gyara shi

Girma shi ne abu na farko. A kasuwar duniya ana rubuta girman jatan lande da lambobi biyu da ke nuna guda nawa ne a fam ɗaya, wato giram 454. Ledar da aka rubuta wa 16/20 tana da guda 16 zuwa 20 a fam, wadda aka rubuta wa 21/25 kuma tana da 21 zuwa 25. Idan lambar ta yi ƙasa, jatan landen ya fi girma. Waɗannan girma biyu su ne suka dace da naɗi. Ƙanana, irin 41/50, suna ƙandarewa tun kafin bekon ya fara ja, kuma naman yana danne ɗanɗanonsu gaba ɗaya. Busasshen ƙaramin jatan lande da ake dakawa a zuba a miya ba shi da gurbi a wannan girki.

A sayi ɗanye. Ɗanyen jatan lande ruwan toka ne, haske yana ɗan ratsa shi. Wanda ya yi ja a cikin leda an riga an dafa shi, kuma idan aka sake sa masa wuta sai ya koma kamar roba. Jan launin yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna astazantin da ke ɗaure da furotin a jikin dabbar. Zafi yana warware furotin ɗin, sai launin ya bayyana.

Ga mazauna nesa da teku, daskararre ya fi aminci, domin yawanci ana daskarar da shi a cikin jirgin kamu ko a masana'anta 'yan sa'o'i bayan kama shi. Gaɓar tekun Najeriya tana da jatan lande mai kyau, har da babban nan mai zane-zane a baya da ake fitarwa zuwa Turai, amma tafiyarsa daga Legas ko Fatakwal zuwa Kano doguwa ce, kuma ɗauke wuta yana sa kaya su narke su sake daskarewa. Alamar haka ita ce ƙanƙara mai yawa a cikin leda, ko jatan landen ya manne ya zama dunƙule guda. Warin da ke hawa hanci kamar na fitsari, da santsi a jiki, da nama mai laushi da ke dagargajewa, duk alamun lalacewa ne. A duba bayan leda kuma: wanda aka jiƙa da sinadarin fosfet yana riƙe ruwa fiye da kima, ya sake shi a cikin obin, ya jiƙa bekon.

Ana narkar da shi a firij daga dare zuwa safe, ko a sa shi a leda a nutsa cikin ruwan sanyi na minti 20. Ruwan zafi yana fara dafa bayansa, barinsa a fili kuma yana ba ƙwayoyin cuta dama. Bayan ya narke a cire kai da ƙafafu da ɓawo, a bar ɓawon wutsiya don shi ne mariƙi. A tsaga bayan da bakin wuƙa ba da zurfi ba, a zare baƙin zaren da ke ciki, wanda hanjin dabbar ne kuma yakan ƙunshi yashi. A ɗauraye, sannan a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta ko takardar kicin. Tsanewar tana da muhimmanci ƙwarai, dalilinta kuma yana tafe.

Daidaita lokacin nuna

Naman jatan lande kusan kashi 20 cikin 100 furotin ne, kitsensa bai kai kashi 1 ba, sauran kusan duk ruwa ne. Zaruruwan tsokarsa gajeru ne, don haka zafi yana ratsa shi da sauri. Da ya wuce lokacinsa sai furotin ya takure ya matse ruwan waje. Ana gane wannan da ido: wanda ya nuna daidai yana lanƙwashewa kamar harafin C, namansa ya yi fari, wanda ya wuce kuma yana naɗewa ya rufe kamar harafin O. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun sa digiri 63 a ma'aunin Salshiyos a matsayin zafin ciki da abincin teku ya kamata ya kai, kuma babban jatan lande yana kaiwa nan cikin minti 8 zuwa 10 a obin mai zafi.

Ɗanyen bekon yana buƙatar minti 15 zuwa 20 a zafin digiri 200. Sai ruwansa ya ƙafe, kitsensa ya narke, sannan ya fara ja. Jan da ƙamshin gashi suna samuwa ne daga haɗuwar furotin da sukari a zafi, abin da masanin kimiyyar Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa ba ta kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140, alhali ruwa yana tafasa a digiri 100. Muddin akwai danshi a jikin nama, zafinsa ba zai wuce na tafasar ruwa ba, sai ya turaru maimakon ya gasu. Wannan ne dalilin tsane jatan lande, da dalilin barin tazara tsakaninsu a tire.

Mafita ita ce a ba bekon rabin gashinsa shi kaɗai kafin a naɗa. A shimfiɗa shi a tire a sa a obin na minti 6 zuwa 8, har kitsen ya fara narkewa, gefensa ya fara ja, amma yana nan da laushin da zai lanƙwasu. Idan ya yi ƙaras zai karye wajen naɗi. Da wannan mataki, lokacin da ya rage masa ya yi daidai da wanda jatan lande yake buƙata. Siririn bekon ya fi mai kauri dacewa, kuma rabin yanka ya ishi jatan lande ɗaya. Zagaye ɗaya da ɗan ɗori ya wadatar, domin duk inda bekon ya hau kan bekon, na ƙasan ba ya samun wuta, yana fitowa fari da taushi.

Zaƙi da yaji

Zaƙin yana da aiki uku: yana rage kaifin gishirin bekon, yana sassauta zafin barkono, yana kuma narkewa ya zama ɗan ɓawo mai sheƙi. Amurkawa sun fi amfani da jan sukari, wanda sukari ne da ke ɗauke da ragowar ruwan rake, ko zuma, ko ruwan zaƙin itacen mafil da ake tatsa a Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Mazarƙwaila da aka daka ko aka goga tana maye gurbin jan sukari daidai, har ta fi shi ƙamshin rake.

Bambancin waɗannan yana cikin jurewar wuta. Sukarin rake yana fara narkewa ya yi ja a wajen digiri 160. Zuma tana da sukarin 'ya'yan itace mai yawa, wanda yake fara ja tun daga wajen digiri 110, don haka tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan ita ce jan sukari ko mazarƙwaila ana barbaɗa su tun farko, zuma kuma ana shafa ta a minti biyu ko uku na ƙarshe.

Zafin barkono daga sinadarin kafsaisin yake. Yana kama wata kafa a jijiyoyin baki wadda aikinta jin zafin da ya wuce digiri 43, shi ya sa ƙwaƙwalwa take ɗaukar yaji a matsayin ƙuna. Gano wannan kafa na daga cikin abin da ya sa David Julius ya samu kyautar Nobel a 2021. Ma'aunin yaji da aka sani shi ne na Wilbur Scoville, masanin haɗa magunguna da ya ƙirƙiro shi a 1912 ta hanyar tsarma ruwan barkono da ruwan sukari har masu ɗanɗanawa su daina jin zafinsa. A wannan ma'auni halapenyo yana tsakanin 2,500 da 8,000, jan barkonon kayen yana tsakanin 30,000 da 50,000, attarugu kuma yana kaiwa 100,000 zuwa 350,000. Wanda ya ga an ce a sa halapenyo guda ya maye gurbinsa da attarugu guda ya ninka yajin sau da yawa. Kafsaisin yana narkewa a cikin mai, don haka kitsen bekon yana kwashe shi ya baza ko'ina, kuma kaɗan yana isa. Ɗanɗanon jatan lande mai sanyi ne, da ɗan zaƙinsa na halitta, kuma yaji mai yawa yana shafe shi.

Bayan gishiri da zaƙi da yaji, abu na huɗu da ke daidaita sauran shi ne tsami. Ruwan lemon tsami yana yanke maiƙo ya hana zaƙin gundura. Sai dai tsami yana daskarar da furotin kamar yadda wuta take yi, wanda shi ne tushen abincin sebice na ƙasar Peru, don haka ba a jiƙa jatan lande a lemon tsami fiye da minti 15. Matsa shi a ƙarshe ya fi. Gishiri kuwa ba a ƙarawa, na bekon ya isa.

Yadda ake haɗawa

Ga mutum shida ana buƙatar jatan lande rabin kilo mai girman 16/20, wato kimanin guda 20, da siririn bekon yanka 10. Kayan barbaɗawa su ne jan sukari ko mazarƙwaila babban cokali 4, garin tattasai ƙaramin cokali 1, garin barkono rabin ƙaramin cokali, garin tafarnuwa rabin ƙaramin cokali, da ɗan masoro. Kayan shafawa su ne zuma babban cokali 2, ruwan lemon tsami babban cokali 1, da ruwan yaji irin Tabasco ko siraca ƙaramin cokali 2, ko ɗan yankin attarugu da aka niƙa.

A fara da jiƙa tsinken sakace a ruwa na minti 20 don kada ya ƙone. A kunna obin a digiri 200, a yi wa bekon rabin gashi kamar yadda aka bayyana, a tsane kitsen, a bari ya sha iska, a raba kowane yanka gida biyu. A haɗa kayan barbaɗawa a kwano, a ɗebi sulusinsu a juya jatan landen a ciki. Sannan a naɗe tsakiyar kowanne da bekon, a ja shi ya kama jiki ba tare da an matse ba, a soke tsinken ta inda bakin bekon ya ƙare har ya fita ta ɗaya gefen. A barbaɗa sauran haɗin a kan bekon, a ɗan danna da yatsa ya manne.

A shimfiɗa takardar alminiyom a tire, domin sukarin da ya ɗiga yana ƙamewa ya yi wuyar wankewa. A ɗora ragar waya a kai, a jera jatan landen da tazarar yatsa tsakaninsu. Ragar tana ɗaga su daga kitsen da ke zuba, iska mai zafi ta zagaya ƙasansu. A ƙara zafin obin zuwa digiri 220, a gasa minti 4, a juya, a ƙara minti 3. A fito da tiren a shafa haɗin zuma, a mayar na minti 2 ko 3. Idan obin yana da wutar sama, minti ɗaya a ƙarƙashinta yana ƙara wa bekon ƙaras, amma a tsaya a wurin ana kallo, domin tsakanin ja da baƙi 'yan daƙiƙu ne. A bari su huta minti 3 kafin a kwashe, don sukarin ya kama jiki kuma kada ya ƙona baki.

Gashi ba tare da obin ba

A kan gawayi, a jira har harshen wuta ya mutu, toka ta rufe garwashin. A tura garwashin gefe guda don a samu ɓangare mai zafi da mai sauƙi. A jera jatan lande huɗu ko biyar a tsinkaye biyu da ke tafiya tare, domin a tsinke ɗaya suna juyawa su ƙi bin hannu. Kowane gefe yana ɗaukar minti 3 zuwa 4. Kitsen da ke ɗiga yana tayar da wuta, kuma hayaƙinsa yana baƙanta nama, don haka da wuta ta tashi a matsar da su ɓangaren sauƙi. Zuma a nan ma sai a ƙarshe.

A kaskon suya, a sa wuta matsakaiciya, a fara ajiye gefen da bakin bekon yake don ya manne, a soya minti 3 kowane gefe. A wannan hanya ba a barbaɗa sukari tun farko, domin yana taɓa ƙarfe kai tsaye ya ƙone. Bayan sun nuna a tsiyaye kitsen, a rage wuta, a zuba haɗin zaƙi da yaji, a jujjuya na rabin minti. A na'urar suya da iska kuma, digiri 200 na minti 7 zuwa 9 ya isa, a juya sau ɗaya, kuma kada a ɗora wani kan wani.

Kai wa baƙi, lafiya da ajiya

Ana jera su a faranti da yankan lemon tsami da ganyen albasa. Kokwamba ko abarba ko mangwaro a gefe suna wanke baki daga maiƙo. Uku ga kowane mutum shi ne lissafin da aka saba. Ana iya naɗe su tun da safe a rufe a firij, amma barbaɗa sukari sai dab da shiga wuta, domin sukari yana jawo ruwa daga nama idan ya daɗe a jikinsa.

Jatan lande yana cikin abincin da suka fi tayar wa mutane da borin jini, saboda wani furotin mai suna tirofomayosin wanda dafuwa ba ta kashe shi. Alamun sun haɗa da ƙaiƙayi da kumburin leɓe da fuska, a wasu mutane har da toshewar numfashi mai buƙatar asibiti nan take. Tun da bekon yana rufe abin da ke ciki, wajibi ne mai gida ya faɗa wa baƙi abin da aka naɗe. Idan an yi amfani da yajin tsire, a ambaci cewa akwai ƙuli-ƙuli a ciki, domin gyaɗa ma tana yi wa wasu haka. A kuma cire tsinken kafin a miƙa wa yara.

Bekon na kowace dabba nama ne da aka sarrafa da gishiri mai yawa. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta babban hanji, haɗarin kuma yana ƙaruwa da yawan ci a kai a kai. Saboda haka wannan abinci na ranar liyafa ne, kuma masu hawan jini da ciwon sukari su taƙaita.

Ɗanyen jatan lande yana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai suna bibriyo, don haka a wanke hannu da wuƙa da katakon yanka da sabulu bayan gyara shi, kuma kada a mayar da gasasshe cikin kwanon da ɗanye ya zauna. Bayan an gasa, kada ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Abin da ya rage yana kai kwana uku a firij cikin rufaffen mazubi, muddin sanyin bai yanke ba. Ana ɗumama shi a obin mai zafin digiri 180 na minti 4 zuwa 5, a kan ragar waya, sau ɗaya kawai.